Gidan da nake shirin saye yana da ɗakunan baya da ba sa cikin taswirar da hukuma ta amince da ita

Baban Khadija:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a Kano. Dillali ya nuna mini wani gida a wajen Hotoro, mun daidaita a kan farashi, har ana maganar in ba da kafin alƙalami. Filin yana da takardar shaidar mallaka, amma da na duba taswirar ginin da KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ta buga wa hatimi, sai na ga babban gidan ne kaɗai a cikinta. A bayansa kuwa akwai ciki da falo da banɗaki da aka gina jingine da katanga, an fasa musu ƙofa ta lungu, akwai ɗan haya a ciki, an kuma mayar da ɗaki ɗaya shagon kayan masarufi. Mai gidan ya ce shekara da shekaru babu wanda ya ce masa uffan. Kuɗin hayar nan yana cikin abin da ya ja hankalina, amma ina tsoron kada in sayi rigima da guminna. Shin laifin ginin zai biyo ni?

Dattijon Tarauni:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai biyo ka, domin ranar da jami'ai suka zo da jan fenti, wanda suka tarar da gidan a hannunsa shi za su tuhuma. Takardar shaidar mallaka tana ba ka haƙƙin zama a kan fili ne, ba izinin kowane gini da aka ɗora a kai ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, ta wajabta neman amincewarsa kafin a sauya mallaka, ta kuma ba shi damar soke takardar idan aka saɓa sharuɗɗanta. Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne shagon, saboda idan an rubuta cewa filin na gidan zama ne, to kasuwanci a cikinsa yana buƙatar izinin sauya manufar fili daga ma'aikatar ƙasa. Ginin da ya manne da katanga ma yana iya zama ya ci ratar da ake bari saboda iska da ruwan sama, irin wannan kuwa ba kullum ake yarda a halatta shi daga baya ba. Kada ka ba da ko kwabo sai lauyanka ya binciki fayil ɗin a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, safiyo ya auna ya tabbatar ɗakunan ba su hau lungu ko magudanar ruwa ba.

Maman Sadiq:
Malam, ni ina ganin bai kamata a tsorata ka har ka rasa gida mai kyau ba, domin gidaje da yawa a unguwanninmu haka suke. Ka nemi mai gidan ya ɗauki akitek ya zana abin da ke ƙasa yanzu, ya kai wa hukuma, ya biya abin da aka yanka masa, sannan ku ƙarasa cinikin. Idan ya ƙi, ka yi wa gidan kuɗi kamar ɗakunan babu su.

Dattijon Tarauni:
Hajiya, na yarda da shawararki ta ƙarshe, amma yawan masu yin abu ba ya kare mutum. Duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya san cewa shirun hukuma na shekaru ba alƙawari ba ne. Akwai kuma ɓangaren shari'a: a fiƙihu, mai saye yana da damar mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa, amma wanda ya ga aibin da idonsa ya saya a haka, wannan damar ta faɗi. Tunda Baban Khadija ya riga ya sani, sai a rubuta a yarjejeniyar cewa wani kaso na kuɗin zai tsaya a hannun lauya har izinin ya fito.

Baban Khadija:
Na gode muku, Allah Ya saka da alheri. Na shaida wa dillalin cewa kafin alƙalamin zai jira sakamakon binciken, na kuma nemi a kawo mini takardar yarjejeniyar ɗan hayar domin in san lokacin da kuɗinsa zai ƙare.