Karnen asibitin Inna ya jiƙe, mi za mu yi?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Inna na da ciwon suga da tansiyo, shekara 6 tana karɓar magani can Tawa, duk awon da aka yi mata cikin karne guda yake, to damanan nan ruwa ya shiga ɗaki ya lalata shi, sai tabon biro. Yanzu mun tahi da ita Yamai, likita ya ce sai ya ga tsohon awo kahin ya canza mata metformine, maganin sugan da take sha. Na kira asibitin can gida, ma'aikacin ya ce ordinatarsu jimillar marasa lahiya na wata take ɗauka cikin DHIS2 (tsarin tara lissahin asibitoci), babu sunan kowa, sai a bincika rajista shafi shafi. Wa zan gani a hiddo mana tsohon awon? Ko dai mu sake awon daga farko, ga kuɗi sun yi wuya?