Muhawara: Wai ɗalibi a ƙasa mai tasowa zai iya fita yawo kowane ƙarshen mako?

Ɗan Zumuɗi: Jama'a, ga magana. Duk wanda ya samu gurbin karatu a irin su Masar, Indiya, Maroko ko Kenya, ba shi da uzurin zaman ɗaki ranar hutu. Mota arha, masauki arha, abinci arha. Kowane ƙarshen mako ka saɓi jaka ka ga sabon gari, kafin ka gama digiri ka zaga ƙasar kaf. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Yaya Babba: Ƙanena, da kuɗi ka auna tafiyar, alhali da awa ake auna ta. A Masar hutu Juma'a da Asabar ne. Daga Alƙahira zuwa Iskandariya kilomita wajen 220, jirgin ƙasa daga tashar Ramsis awa biyu da rabi zuwa uku. Wannan ba matsala, a tafi da safe a dawo da dare. Amma Luksor ta haura kilomita 600, jirgin dare yana cin awa tara zuwa goma, Aswan kuwa wajen goma sha uku. Ka tashi daren Alhamis, ka sauka safiyar Juma'a jiki duk ya mutu, ka kwana ɗaya, daren Asabar ka sake hawa jirgi, safiyar Lahadi ka zarce lacca da jakarka, in ma jirgin bai yi latti ba. Sau ɗaya a zango jiki zai ɗauka. Kowane mako? Haba. Duk garin da ya wuce awa huɗu, a bar shi sai dogon hutu.

Ɗan Zumuɗi: Yaya, ka zaɓo mai nisa ne da gangan. A Maroko jirgin ƙasa mai gudu, Al Boraq, tun 2018, yana kai mutum daga Tanja zuwa Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintuna. A Indiya jirgin ƙasa na Gatimaan yana isa Agra daga Delhi ƙasa da awa biyu.

Yaya Babba: Layi ɗai-ɗai ke nan. In ka gama da su, sauran makonnin fa? Sai bas da motar haya da ke jiran ta cika kafin ta tashi.

Malama: Ku biyun kun tsallake abin da ya fi tsayar da ɗalibai, wato takardu. A Indiya, mai bizar karatu ta sama da kwana 180 dole ya yi rajista da FRRO, ofishin rajistar baƙi, cikin kwana 14 da sauka. Kowane otal kuma sai ya cike wa baƙo fom na C, na sanar da hukuma saukarsa, shi ya sa ƙananan masaukai masu arhar da kake hange sukan ce ba sa karɓar ɗan waje, sai ka koma mai tsada. Jihohi irin su Arunachal Pradesh ba a shiga sai da izini na musamman. A Maleshiya makaranta kan karɓi fasfonka don a manna takardar zaman ɗalibi, kuma yakan yi makonni a can. A wannan tsakanin kada ka sayi tikitin jihar Sabah ko Sarawak: ƙasa ɗaya ce, amma suna da nasu shige da fice, sai da fasfo. Masu son tsallaka iyaka kuma su duba bizarsu tukuna. In ta shiga sau ɗaya ce, ranar da ka fita ta mutu, ka tsaya a bakin iyaka ranar Lahadi kana kiran waya. Iƙamar da ake kan sabuntawa ma haka take, kada a fita ƙasar sai ta fito.

Anti Mai Yawo: Malama, gaskiya ne, amma kuna neman ku tsorata yaron ya shekara huɗu bai san komai ba sai hanyar ɗaki da aji. Ɗana, rabin maganarka daidai ce. Harshen gari a tasha da kasuwa ake kama shi, ba a cikin 'yan uwanka baƙi ba. Dabarar ita ce ka duba jadawalin zango tun makon farko. Daga mako na biyu zuwa na biyar aiki bai taru ba, nan za ka zuba tafiye-tafiyenka. Da gwajin tsakiyar zango ya matso, a ajiye jaka. Ku haɗu ku huɗu: ɗakuna biyu, tasi ɗaya, komai a raba. Tikitin jirgin ƙasa a Indiya kuwa a saya da wuri, don tun Nuwamban 2024 kwana 60 kafin tafiya ake buɗe sayarwa. Wanda aka rubuta wa WL yana layin jira ne, ba shi da kujera. In an makara akwai Tatkal, tikitin gaggawa, ana buɗe shi kwana ɗaya kafin tafiya, ƙarfe 10 na safe ga taragu masu sanyi, 11 ga sauran, kuma a manyan layuka nan da nan yake ƙarewa. Na dawowa za ka fara tabbatarwa kafin na tafiya.

Mai Lissafi: Ni arhar ce ban yarda da ita ba. Arha ga wa? Ga ɗan ƙasa. Ƙofar Taj Mahal rupi 50 ce ga ɗan Indiya, 1,100 ga baƙo, da ƙarin 200 in za ka shiga ginin kabarin. Kuma a rufe yake ranar Juma'a, a sani. Wuraren tarihin Masar ma farashi biyu ne, sai dai katin ɗalibi na duniya, ISIC, yana rage rabi, don haka a yi shi tun kafin a fara yawo. Sannan canji ba ya tsayawa. A Maris ɗin 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya. Mai karɓar dala ya ji daɗi, sai dai farashin kaya ya biyo baya. A na'urar cire kuɗi, in ta tambaye ka ko a yi maka lissafi da kuɗin ƙasarku, ka ƙi, ka zaɓi kuɗin garin, don canjin na'urar ya fi tsada. Ka ciro da ɗan yawa sau ɗaya, tunda kowane cirewa da cajinsa.

Dakta: A bar ni in sa baki kan motar dare, don ita ce dabarar da ɗalibai ke yi su tsira da kuɗin otal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Direba mai gyangyaɗi, hanya ba fitila, babbar mota a fake ba alama. Na biyu, gari da gari ba ɗaya ba ne wajen cuta. A Kenya, Nairobi tana kan tudu, zazzaɓin cizon sauro kaɗan ne, amma jirgin ƙasa na awa biyar zuwa shida ya sauke ka a Mombasa, lissafi ya canza. Zazzaɓin ba ya fitowa sai bayan kwana bakwai ko fiye, lokacin ka koma aji ka manta da tafiyar, don haka ka gaya wa likita inda ka je. Kada a yi wanka a tafkin Biktoriya, akwai tsargiya. Allurar shawara sai ta kwana 10 katinta ke fara aiki a iyaka. A kuma karanta inshorar makaranta, wata ba ta bin ka wajen ƙasar.

Anti Mai Yawo: Dakta, jirgin ƙasa na dare ai daban ne.

Dakta: Daban ne, Anti, ban hana shi ba. Bas nake magana.

Ɗan Zumuɗi: To na rage: mako ɗaya yawo, mako ɗaya zama. In na yi latti na rasa laccar farkon mako, ai ba ita ce za ta kayar da ni ba.

Malama: Ita ce fa. Jami'o'in Indiya da yawa kashi 75 na halartar aji suke nema kafin ka zauna jarrabawa, Maleshiya kuma kashi 80 kafin a sabunta maka takardar zama. Sau da yawa kwas-kwas ake ƙirgawa, ba jimilla ba. Ɗauki kwas ɗin da ake yi sau ɗaya a mako, safiyar Litinin, zango mai mako 14. A kan kashi 75, uku kawai za ka iya rasawa, a kan 80 kuwa biyu. Tsarinka na mako ɗaya bayan ɗaya tafiya bakwai ce a zango. Latti uku da rashin lafiya ɗaya, an hana ka jarrabawar. In kana da aji safiyar ranar farko ta mako, tikitin dawowarka ya zama na safiyar jajibirinta, ba na dare ba, don in an soke shi ka samu na baya.