Yoga bayan shekara 45, dole sai an lanƙwashe?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, don Allah ku ban shawara. Al'adata ta fara ɗaukewa, zafi ya dinga taso min cikin dare barci ya gagara, ga ciwon gwiwa. An ce in gwada yoga amma in na ga bidiyon masu naɗewa sai gabana ya faɗi, dole sai na kai can?

Anti Malama: Ko kaɗan ƙanwata. A tsarin Patanjali, wani malamin yoga na dā a Indiya, yoga rassa 8 ne, motsa jiki ɗaya ne kawai a ciki, kuma ƙa'idar farko ita ce kar ki cutar da kowa, ke ma kina ciki, to in gwiwa ta yi zogi ki tsaya kawai ki dafa kujera, ba gasa ake ba.

Uwar Gida: Wallahi numfashin nan na yoga a hankali kafin kwanciya shi ya fi taimaka min.

Yar Nas: Amma Maman Biyu ki fara ganin likita, a shekarun nan ƙashi yana rage ƙwari, kuma in kina da hawan jini banda tsayuwa da ka. Malamar yoga ta kirki ma sai ta nemi izininki kafin ta taɓa ki.