Laifin ƙiyayya a Nijar: ayar doka ta 102 ta isa, ko sai an buɗe masa rajista ta musamman?

Metir (lauya): Ni matsayina bai sake ba. Nijar ba ta buƙatar wata sabuwar doka kan laifin ƙiyayya. Ayar 102 ta kundin hukunta laifuka ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga duk wanda ya nuna wariyar launin fata ko ƙabilanci, ko ya yi farfagandar ɓangaranci, ko ya taɓa ƴancin addini ta hanyar da za ta iya haɗa ƴan ƙasa faɗa. Me ya rage kuma?

Hajiya Magatakarda (ta kotu): Metir, da sauran rina a kaba. Ayar nan ta kama mai wariya da mai tunzura jama'a. Amma in aka fasa wa mutum kai a kasuwa don kawai Bafillace ne, fayil ɗin da sunan duka da rauni yake shigowa, kuma nauyin hukuncin yakan bi yawan kwanakin kasa aiki da likita ya rubuta a takardarsa. A rajistar mai gabatar da ƙara sunan laifi ake sawa, ba dalilinsa ba. Ƙarshen shekara a ƙirga shi tare da faɗan ƴan tasha. Faransa, wadda muka gaji tsarin shari'arta, tun 2003 ta sa ƙiyayyar ƙabila ko addini ta zama abin da ke ƙara wa laifi nauyi.

Baba Ajidan (jami'in bincike): Kafin ma fayil ya iso gare ki, Hajiya, an riga an yi asarar. Mai ƙara yana magana da Hausa ko Fillanci, PV kuwa, wato takardar da jami'i ke rubuta bayaninsa a ciki, da Faransanci ake buga shi. Sai jami'i ya dunƙule zance duka ya ce "ya zage shi". Shi ke nan, hujja ta tafi. Abin da ya kamata shi ne a rubuta kalaman yadda suka fito daga baki, da harshen da aka faɗe su, fassara ta biyo baya, a sa sunan tafinta. Sannan a yi tambayoyin da ke fito da niyya: sun san juna a da? An ɗauki kuɗi ko kaya, ko an bar su a wurin? Shagon maƙwabci fa, an taɓa shi ko an tsallake? Wa ya tara mutanen, a ina? In saƙon murya ne na WhatsApp, wayar da ya fara shiga ake karɓa a rufe da hatimi, a rubuta lamba da rana da awa. Wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, lauya zai ce ba a san asalinsa ba, kuma ya yi gaskiya. Rubutun bango a ɗauki hotonsa kafin a shafe. Duk wannan cikin awa 48 na tsarewa, ana iya ƙara 48 da izinin mai gabatar da ƙara. Wanda bai yi tambayar a daren farko ba, da wuya ya same ta bayan shaidu sun haɗa baki.

Malam: Baba, ni abin da nake tsoro daban ne. Kowace kaka akwai rikicin manomi da makiyayi a wannan jiha ta Maraɗi, kan ɓarna da burtali. Ku sa masa sunan ƙiyayya, gobe a ji a rediyo cewa ƙabila kaza ta kai wa kaza hari sau kaza. Wa zai kashe wutar? Ga kuma wasan taubasai: abin da Babarbare ke faɗa wa Bafillace, in aka buga shi a takarda sai ka rantse laifi ne. A bar wa hakimai sulhu.

Hajiya Magatakarda: Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya ce a rubuta ƙabilar kowa. Abin da mai laifin ya ɗauka a ransa ake rubutawa. Ma'aunin kuma ba shi da wuya: wanda aka daka, shi ne shanunsa suka ci gona, ko duk wanda aka tarar na ƙabilarsa? A Toda, nan jihar Maraɗi, a Oktoban 1991, rikicin manoma da makiyaya ne, amma fiye da mutum 100 aka kashe, galibinsu mata da yara na Fulani. Wannan ya wuce lissafin ɓarna. Haka a Yunin 2019 da aka ƙona coci a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi bayan kama wani limami: masu cocin ba su ne suka kama shi ba. Sulhun hakimi kuwa hurumin gona, bashi da al'ada ne. Ko an biya diyya, kisa da sa wuta suna nan a hannun mai gabatar da ƙara.

Baba Ajidan: Taubasai ba sa zuwa komisariya da takardar likita, Malam.

Metir: To, na ji batun PV. Amma ku dubi faɗin kalmar "za ta iya haɗa faɗa". Da irinta ake iya rufe mai sukar hukuma, balle in an haɗa da dokar laifukan intanet ta 2019. In jami'i ne kaɗai ke yanke cewa wannan ƙiyayya ce, rajistar za ta cika da masu magana, masu duka su sha.

Hajiya Magatakarda: Shi ya sa Ingila, bayan rahoton Macpherson na 1999 kan yadda ƴan sanda suka binciki kisan wani matashi baƙar fata, ta ce a yi wa fayil alama da zarar wanda aka cuta ko wani ya ga ƙiyayya a ciki. Alama ba hukunci ba ce. Gurbi uku ake so: abin da mai ƙara ya ce, abin da aka tuhuma, abin da alƙali ya tabbatar. In fayil 20 suka shigo da alama, 2 suka fita da ita, an san inda za a duba. A ware kalamai daban, duka da ƙone-ƙone daban, tsoronka ya ragu.

Malam: In mai gabatar da ƙara ya ajiye fayil ɗin bai kai shi kotu ba fa?

Metir: Mai ƙara ya je kai tsaye wurin alƙali mai bincike a matsayin mai neman haƙƙinsa, sai dai za a yanka masa kuɗin ajiya. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa hali a harkar shari'a, a babbar kotu. Kada ya yi jinkiri: wa'adin kai ƙara kan ƙaramin laifi shekara 3 ne, kan babba 10.