Wian tian na ranar Wesak: ɗawafi za mu rubuta ko me?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. A labarin bikin Wesak na Bankok, babbar ranar tunawa da Buddha, akwai abin da 'yan Tailan ke kira wian tian: da dare mabiya addinin Buddha suna zagaya ɗakin ibada riƙe da kyandir. An ba da shawarar a rubuta "ɗawafin 'yan Buddha". Ya dace?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ni ban goyi baya ba, Malam. Wanda ya ji ɗawafi, Ka'aba zai hango: zagaye 7, Ɗaki a hannun hagu. Nan kuwa zagaye 3 ne, kuma wajibi ne ginin ya kasance a hannun dama, wato ana bin yadda hannun agogo ke juyawa, domin a wurinsu ba da kafaɗar dama shi ne girmamawa. Na farko don tuna Buddha, na biyu don koyarwarsa da suke kira Dhamma, na uku don jama'ar malamansu, Sangha. Kowa na riƙe da kyandir 1, turaren tsinke 3 da fure, galibi lotus mai kama da bado, a tsakanin tafukansa biyu daidai ƙirji. Sai malaman sun gama karatu da wa'azi sannan su shige gaba, jama'a na biye. Bayan zagaye na uku a ajiye furen, a soke turaren cikin kaskon yashi, a kafa kyandir a inda aka tanada. Ka ga lissafin daban, alƙiblar daban, mai karatu Musulmi zai ji an taɓa masa kalma, ɗan Buddha kuma ba a faɗi abin da yake yi ba.

Edita: To a ce "tattakin Wesak" mana, kowa ya huta.

Malama Mai Nazarin Addinai: Yallaɓai, akwai matsala biyu. Ba ranar Wesak kaɗai ake yinsa ba. Ana yi a bikin Makha Bucha wajen Fabrairu ko Maris, da Asalha Bucha wajen Yuli, duka a daren da wata ya cika. Sannan ba kullum da ƙafa ba: a tafkin Phayao da ke arewacin Tailan, cikin kwale-kwale ake zagaya Wat Tilok Aram, tsohon wurin ibadar da ruwa ya mamaye. Tattaki kuma yanzu ya fi kama kunne da zanga-zanga. A yarensu wian juyawa ne, tian kyandir. Mu bi su kawai.

Tunda ana kan batun, a daina rubuta "Mauludin Buddha" ma. A Tailan da Sri Lanka ranar ta haɗa abu uku: haihuwarsa, samun wayewarsa, da rasuwarsa. Wesak ya isa, sunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar da shi ke nan a 1999.

Mai Fassara: Kewayen kyandir ko zagayen kyandir ke nan?

Malamin Tarihi: Dukansu Bahaushe na sakaya zuwa bayan gida da su, don haka babu wanda ya tsira ta nan. Amma zagaye ya fi ɗaukar ƙirga: zagaye na farko, na biyu, na uku. Sai dai "zagayen kyandir" na iya nufin kyandir ɗin ake zagayawa. A sa "da".

Malama Mai Nazarin Addinai: Haka ne, Malam. Kuma kyandir ɗin ba ado ba ne a labarin, shi ne abin da ya fi ba mutane wahala. A manyan wuraren ibada irin Wat Benchamabophit na Bankok cunkoso kan sa tafiya ta yi nauyi, kakin ya narke ya ɗiga a yatsu, iska ta kashe wutar sai an kunna daga na maƙwabci, turaren na bayanka kuma na iya ƙona maka riga. Shi ya sa wasu ke huda takarda mai kauri su zura kyandir ɗin ciki don tare kakin.

Edita: Shi ke nan. A ambaton farko a rubuta "zagaye da kyandir, wanda ake kira wian tian a Tailan", a ƙara cewa sau 3 ne kuma ginin na dama. Daga nan har ƙarshen labarin, zagaye da kyandir.