Tambaya ga manya: yaya ake zama likitan tiyatar jijiyoyin jini kuma malamin jami'a?

Ɗan aji biyar, Gombe:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina karatun likita nan Gombe, tunda na ga an haɗa ma wani ɗan acaɓa jijiyar jinin cinyarsa da ta tsinke, ƙafar da ta yi sanyi ƙalau ta dawo da ɗumi a gaban idona, zuciyata ta kasa barin fannin nan. Kuma ina son koyarwa. Don Allah wace hanya ake bi, shekara nawa?

Likitan Yelwa:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya cika maka buri. Hanyar doguwa ce gaskiya. Shekara 6 na MBBS (digirin likita), 1 ta sanin makamar aiki, 1 bautar ƙasa, sai jarabawar share fage da ake kira firamari, ta NPMCN (kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta Najeriya) ko WACS (kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma), kafin asibitin koyarwa ya ɗauke ka horon ƙwarewa, shi ma ka sa ran shekara 6 ko fiye, da jarabawa kashi na ɗaya da na biyu da kundin bincike. A Najeriya galibi jijiyoyin jini suna ƙarƙashin tiyatar zuciya da ƙirji ne, don haka da wuya ka gama komai a Bauchi ko Gombe, za a tura ka wasu cibiyoyin, wasu har Indiya ko Masar suke zuwa ƙaro hannu.

Abin da yara ba sa ganewa shi ne aiki biyu ka ɗauka. Asibiti na kiranka ƙarfe biyun dare saboda ƙafar da jini ya daina zuwa mata ba ta jira, bayan wajen awa 6 tsoka ta fara mutuwa, da safe kuma ɗalibai na jiranka a aji, ita kuma jami'a ba za ta ɗaga ka daga lakcara zuwa farfesa don yawan tiyata ba, takardun da ka wallafa take ƙirgawa. To tun yanzu ka saba da rubuta duk abin da ka gani a littafinka.

Anti Nas, Bauchi:
Ɗana ka daure ka yi wallahi muna buƙata. A sashen wankin ƙoda nake aiki, mara lafiya sai an haɗa masa jijiya biyu a hannu ta yi makonni ta nuna kafin a riƙa sa allura, in babu mai yi sai dai bututu a wuya, shi kuma yana jawo ƙwayoyin cuta. Ga masu ciwon suga da ake yanke ma ƙafa, wasunsu da an duba jijiyar da wuri da ba a kai ga haka ba.

Abu Hanan:
Ni dai ka yi shawara da iyayenka tukuna. Abokan karatunka za su yi gida da mota kai kana karatun jarabawa, kuma fannin na cin kayan aiki masu tsada, ka ƙware ka dawo babu kayan sai zuciya ta karye.

Likitan Yelwa:
Abu Hanan ka faɗi gaskiya, amma haɗa jijiyar wankin ƙoda da gyaran wadda ta tsinke ba sa son wata babbar na'ura, gilashin ƙara girma ne da zare siriri kamar gashi da hannun da ba ya rawa. Da su ake farawa.

Ɗan aji biyar, Gombe:
Na gode ƙwarai. Yallaɓai in ba damuwa wane littafi zan fara da shi don firamari, kuma zan iya zana ta ina bautar ƙasa?