Yaya aka ɗaura auren Mari Antuwanet, gimbiyar Ostiriya, ba tare da ango ba?

Ɗalibar Tarihi: Jama'a, na karanta cewa a Biyana, babban birnin Ostiriya, aka ɗaura auren alhali ango yana Faransa. Ta yaya?

Malam Na-Tarihi: 'Yar'uwa, ta wakilci ne. Ranar 19 ga Afrilu 1770, yayanta Fadinan ya tsaya a madadin ango Luwi, yariman Faransa mai jiran gado, a coci, amarya tana shekara 14. Kwana biyu kafin nan sai da ta yi rantsuwar barin haƙƙinta na gadon sarautar gidan Habsbag mai mulkin Ostiriya, don kada ƙasar Ostiriya ta faɗa hannun Faransa ta hanyar 'ya'yanta.

Hajiya Mai Nazari: Malam, miƙa amaryar ya fi taɓa zuciya. Ranar 7 ga Mayu, a wani tsibiri cikin kogin Rain kusa da Sitarasbag, aka sauya mata tufafi zuwa na Faransa, 'yan rakiyarta suka juya gida. Yarinya ƙarama, Allah sarki. An sake bikin a fadar Basai ta sarkin Faransa ranar 16 ga Mayu.

Malam Na-Tarihi: Matsalar ta zo wajen haihuwa. Sai Disamba 1778 ta haihu, kuma mace, dokar Faransa ta hana mace hawa gadon sarauta. Namijin da ake jira ya zo a Oktoba 1781.